Iya Ba Ta Ci Da Gaske

Makullai biyu ne a ƙaramin aljihun jakar Mai Magani, ɗaya na firji, ɗaya na kabad ɗin kayan abinci, kuma ba ta taɓa fita daga gida ba sai ta shafa ta ji suna nan. Mai Magani sunan da mutanen benensu suka laƙaba mata ke nan, don a wani babban kantin magunguna take aiki, can ɗaya gefen gari. Ba muguwar mace ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Mace ce dai mai jin magana, kuma maganar da ta fi ji ita ce ta yayar mijinta.

Ranar da za a ɗauki mai reno, Yaya Babba ce ta zo ta baje a falo tana shimfiɗa dokoki kamar gidanta. "Ke, buɗe kunnenki da kyau. Aiki aka ɗauke ta, ba riƙo ba. A kantinku ana dafa muku abinci ne? To ita ma ta zo da nata. Kika fara da 'zo ki ci', kafin wata uku za ki ga buhun shinkafa ya yi ƙafa." Ita ta kawo shawarar kwaɗo a firji, ita ta turo mutumin da ya kafa kyamara a saman ƙofar kicin, irin mai ƙaramar lasifika da ake magana ta cikinta daga waya. Baban yarinya, direban babbar mota da kan yi kwana huɗu a hanya, ya ɗan gyara murya ya ce shi dai a ganinsa mutumin da ke wuni a gidanka ai bai kamata a ce... Yayarsa ta dube shi sau ɗaya, sai ya tuna yana da abin yi a waje.

Mai renon dattijuwa ce siririya, mai sanyin magana, kowa Iya yake ce mata. Da aka jera mata dokokin, amsarta ɗaya ce. Ta riƙa zuwa da abincinta: to. Kada ta fita da yarinya: to. Ta sa sakata ta ciki da zarar uwar ta fita, kada ta buɗe wa kowa, ko wa ya ce shi ne: to. Wata bakwai ke nan tana hawo bene hawa uku da ƙarfe bakwai na safe, riƙe da wata kula ruwan ɗorawa mai tsagaggen murfi.

Yarinyar kuwa shekararta uku, Tsuntsuwa ake ce mata saboda cin abincinta, ta tsinci ƙwaya biyu ta tashi. Kowace safiya uwar kan auna abincinta na wuni ta jera a kan tebur, sannan ta kulle sauran. Iya kaɗai ta san dabarar sa ta ci. Wani wasa ta ƙirƙiro, ɗaya naki ɗaya nawa. Ta ba yarinya cokali ɗaya, sai ta kai na biyu bakin kanta, ta taɓa leɓe a rufe, ta ce "am!", ta yi ta tauna iska tana lumshe ido, sannan ta juyo da cokalin cike yadda yake ta ce, "To, saura ke." Mai Magani ta sha kallon wasan nan a wayarta in kanti ya yi shiru. Har ta taɓa matso da hoton kusa don ta tabbatar cokalin bai ragu ba. Bai ragu ba. Ta ji daɗi, ta kira Yaya Babba ta ce an dace da mai amana.

Akwai abu ɗaya da ba ta faɗa wa kowa ba. A satin farko, Iya na banɗaki, ta zuge jakar tsohuwar ta leƙa. Ba ta ga komai na gidan ba. Ta ga hankici, ta ga tsohon tabarau, ta ga katin wasu ƙwayoyin magani. Kallo ɗaya ta gane shi, don kullum sai ta miƙa wa mutane irinsa. Maganin ciwon suga ne, wanda take jan kunnen masu saye sau ashirin a rana kada su kuskura su sha shi su zauna da yunwa. Ta zuge jakar ta mayar inda take. Yaya za ta ɗauko zancen ba tare da ta tona wa kanta asiri cewa ta yi bincike ba? Sai ta yi shiru, kwanaki suka bi ta kai, ita ma ta manta.

Wata Talata Iya ta iso hannu rabbana.

"Iya, ina kular?"

"Bari kawai, uwar ɗakina. Na ajiye ta ƙarƙashin kujera a mota, ina sauka motar ta ja. Yau kwandasta ya samu rabonsa." Ta yi dariya tana cire takalmi.

"Ayya," in ji Mai Magani.

Ta riga ta makara, Tsuntsuwa ta kwana tana tari, ga motar ma'aikata na hon a ƙasa. Hannunta da kansa ya danna kwaɗon firji, ya murza makullin kabad, kamar kowace safiya. A kan matakala wani abu ya ɗan taɓa mata zuciya, ta ce a ranta da rana za ta kira ta san yadda za a yi. Ta ji ƙarar sakata a bayanta.

Rana ta yi, ba ta kira ba. Kanti ya cika da mutane, wani tsoho ya yi rabin awa yana musu da rubutun likitansa, kaya suka iso aka rasa mai duba su. Sai ƙarfe biyu saura kwata ta samu ta zauna bayan kwalaye a sito, ta ɗauko burodinta da shayi, ta latsa waya don ta ga 'yarta.

Kicin ɗin na nan yadda ta san shi. Tukunyar ruwa a kan murhun gas, wuta shuɗiya a ƙarƙashinta, Iya na dafa kofunan yarinya kamar yadda aka umarce ta. Amma Iyar tana ƙasa, kuma ba zaman hutawa ba ne. Bayanta na jingine da firji, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinta, ɗankwali ya zame, kai ya faɗo a kafaɗa. Tsuntsuwa na tsaye tana jan hannunta.

Mai Magani ta danna wurin magana. "Iya! Iya!"

Tsohuwar ta ɗago kai da ƙyar. Gumi ya wanke mata fuska har wuya, hannayenta na karkarwa a kan cinya. Ta ce wani abu, harshe a sarƙe, kamar mai magana cikin barci.

Ba sai an kira likita ya yi wa Mai Magani bayani ba. Suga ne ya sauka. Matar nan ta sha maganinta tun da sassafe, wataƙila da ɗan ruwan shayi, ta wuni tana ɗaukar yarinya tana saukewa ba ta sa komai a ciki ba. Ta san abin da ke biyo baya, rawar jiki, sai ruɗewa, sai suma, wani kuma daga nan ba ya dawowa. Ta kuma san maganin abin, cokali biyu na sukari kawai. Sukarin yana cikin kabad, taku uku daga inda Iya ke zube. Ta sa hannu a aljihun jaka, ta ji makullan suna nan lafiya lau.

Maigidan kanti ya ga fuskarta bai tsaya tambaya ba, ya fita da kansa ya tsayar mata da tasi. Direban ya ce in hanya ta yi kyau minti arba'in. Hanya kuwa ba ta yi kyau ba.

Ga waya ɗaya, ga aiki biyu. In ta kira mutum hoton kicin ya ɓace, in ta tsaya kallo ba mai taimako. Ta kira mijinta, wayar ba ta shiga. Ta kira motar asibiti, suka ce ga su nan, ta faɗi adireshi sau biyu. Ta kira Tela, dattijon da ke ɗinki a shagon ƙasan benensu. Ta ji shi yana hawa da gudu yana haki, ta ji yana dukan ƙofa yana kiran Iya.

"Maman Tsuntsuwa, ƙofar nan ƙarfe ce fa, kafaɗa ba za ta yi mata komai ba. Yarinyar ba za ta iya zare sakatar ba?"

"Ba za ta kai ba, Baba. Ni na sa aka ɗaga ta sama."

"To bari in nemo mai walda. Ki yi ta addu'a."

Ta koma kan hoto. Tsuntsuwa ta jawo ƙaramar kujerarta ta roba har gindin murhu. Ruwa na tafasa, murfi na rawa, hannun tukunyar ya leƙo waje daidai goshinta. Ƙafa ɗaya ta riga ta hau.

Ihu ne ya taso wa Mai Magani tun daga ciki, ta danne shi da tafin hannu. Ta san 'yarta. In aka yi mata tsawa firgita take yi ta damƙi duk abin da ke kusa. Ta haɗiye kukan, ta nemo muryar da take yi mata wasa da ita.

"Tsuntsuwa, 'yar Mama. Kina ji na?"

Yarinyar ta waiwayo ta dubi saman ƙofa. "Mama, Iya ta yi barci a ƙasa. Zan kashe mata wuta."

"A'a, 'yar albarka, bar wutar, Iya za ta kashe. Sauko, ina da wani aiki babba, sai ke. Sauko a hankali. Yawwa. Ina zumar tarinki?"

Allah ne ya sa tarin nan. Saboda shi ta bar 'yar kwalbar zuma a kan tebur da safe, da cokalinta a gefe, abin zaƙi guda ɗaya a gidan da ba ya bayan kwaɗo. Yarinyar ta sauko, ta tafi, ta fita daga hoto. Mai Magani ta zauna tana kallon tukunya da tsohuwa. Can sai ga yarinyar ta dawo rungume da kwalba. Murfin ya ba ta wahala, ta sa haƙori, ya buɗe.

"Madalla! Yanzu ɗebo a cokali ki ba Iya. Ɗaya naki, ɗaya nata."

Tsuntsuwa ta yi dariya, don wannan wasa ne da ta ƙware a kai. Ta cika cokali, zuma na ɗiga a rigarta. Ta kai bakin Iya, ta taɓa leɓen a rufe, ta ce "am!" da kanta, ta janye cokalin cike yadda yake.

"Ta sha, Mama."

"Ba ta sha ba! Sa mata a cikin baki, ciki!"

Yarinyar ta dubi kyamara, irin kallon da yara ke yi wa babba in ya faɗi shirme. "Mama, ai Iya ba ta ci da gaske. Haka take ci."

Direban tasi ya ɗaga ido ya dube ta a madubi, ya mayar kan hanya. Mai Magani ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Wata bakwai yarinyar nan tana kallon matar da ke wuni da ita, ba ta taɓa ganin wani abu na gidansu ya wuce leɓenta ba. Abin da ta gani shi ta koya.

"Yau da gaske za ta ci, kin ji? Tura cokalin tsakanin haƙoranta. Iya, buɗe baki. Iya!"

Cokali ya sake zuwa. Iya ta kawar da kai. Idanunta ba sa tsayawa wuri ɗaya, ba ta san ranar ba, mai yiwuwa ba ta san ma inda take ba, amma ta san inda kyamara take. Ta ɗaga hannu mai rawa ta nuna wa saman ƙofa tafinta, babu komai a ciki.

"Na yarinya ne," ta ce, kalmomin na manne da juna. "Ban taɓa ba, uwar ɗakina. Ana gani."

"Na sani, Iya, na sani ba ki taɓa ba. Ni ce nake roƙonki. Don girman Allah ki sha. Ki yi mini rai, Iya, 'yata na nan, wuta na kunne, ki sha ki tashi."

"Ban taɓa ba."

Kan ya sake faɗawa kafaɗa. Motoci sun tsaya cik a gaban wata gada, masu talla na yawo tsakaninsu kamar ba abin da ke faruwa a duniya. Mai Magani ta yi kuka, ta yi roƙo, ta kira matar da sunayen girmamawa da ba ta taɓa kiranta da su ba, a banza. Tsuntsuwa ta fara gajiya da wasan, tana waiwayen tukunya.

A nan ne abin ya faɗo mata, kuma ba ta ji daɗin faɗowarsa ba. Iya ba ta san roƙo daga bakinta ba. Ba a taɓa roƙonta komai a gidan nan ba. Abin da ta sani shi ne a faɗa mata, ta ce to. Mai Magani ta share hawaye, ta miƙe zaune, ta aro muryar Yaya Babba tsaf, har da jan hancin.

"Iya! Ki buɗe kunnenki. Sabuwar doka ce. Ki buɗe bakinki ki shanye zumar nan yanzu yanzu, ba na son musu."

Sai kan Iya ya ɗan motsa.

"To," in ji Iya.

Baki ya buɗe. Rabin cokalin ya bi haɓa, rabi ya shiga. Mai Magani ta ga maƙogwaron ya motsa. "Ƙara mata, Tsuntsuwa. Ƙara. Duka nata ne yau, babu naki." Cokali na biyu ya shiga. Na uku yarinyar ta fara lasa tukuna, sannan ta ba ta.

Motar ta shiga ƙarƙashin gada, hoton ya tsaya. Ya tsaya ne a daidai lokacin da Tsuntsuwa ta ajiye kwalba ta juya wajen murhu, ƙafa ɗaya a sama. Daga nan allon ya yi baƙi. Mai Magani ta latsa, ta girgiza wayar, ta ɗaga ta ta taga, ba abin da ya dawo. Ta kira Tela, bai ɗauka ba. Tsoron da ta ji a mintunan nan ba ta taɓa sanin akwai irinsa ba. Ba ta iya kuka ba ma, ta zauna ne kawai tana kiran sunan Allah, hannunta damƙe da makullan nan har suka huda mata tafi. Direban ya hau gefen titi da tayoyi biyu, ya bi ta wani lungu da ba a bi da mota.

Ba ta san yadda ta hau hawa ukun ba. Ta tarar da Tela a bakin ƙofa, da mai walda yana jona injinsa, da maƙwabta cike da matakala kowa na ba da shawara. Ta faɗa kan ƙofar tana duka da hannu biyu, tana kiran 'yarta. Ba amsa. Ta kara kunne, ba ta ji kuka ba, ba ta ji tafasar ruwa ba, ba ta ji komai ba.

Sai sakata ta yi ƙara, a hankali, kamar mai zare ta na hutawa a tsakani.

Iya ce, dafe da bango, riga jiƙe da gumi da zuma, ba ɗankwali. Tsuntsuwa na maƙale da zanenta, fuska duk danƙo, lafiyarta ƙalau.

"Na kashe wutar," in ji Iya. "Ki yi haƙuri na buɗe ƙofa, na ji muryarki ce."

Ma'aikatan motar asibiti sun iso bayan an gama komai, kamar yadda aka saba. Suka soki yatsar Iya, suka duba, suka ce ta auna arziki, a ba ta abinci mai nauyi yanzu, gobe ta ga likita. Maƙwabta suka watse suna Allah ya kiyaye gaba. Mai Magani ta buɗe kabad da firji. Ta haɗa shayi da madara, ta soya ƙwai, ta yanka burodi, ta jera a kan tebur, ta jawo wa Iya kujera. Iya ta zauna a bakin kujerar, hannu a cinya.

"Uwar ɗakina, ciwon nan da ban faɗa ba, tsoro ne ya hana ni. Wasu gidajen da sun ji, shi ke nan, sai sallama." Ta sunkuyar da kai. "Gobe in zo?"

Kunya ce ta kama Mai Magani, kunyar da ta fi tsoron ɗazu nauyi. Ta kamo hannun tsohuwar, ta sa mata makullan biyu a tafi, ta rufe mata yatsu a kai.

Iya ta dube su. Ta ajiye su a kan tebur, ta tura su da yatsa ɗaya har gaban mai su.

"A'a, 'yata, riƙe abinki. Kada wata rana wani abu ya ɓace."

Tsuntsuwa ta hau kujerar kusa, ta ɗebo ƙwai a cokali, ta miƙa. "Iya, ɗaya naki. Da gaske fa."

Cokalin ya tsaya a bakin leɓenta. Uwar gidan na zaune a gabanta, tsakaninsu faɗin tebur kawai, amma Iya ba ita ta duba ba. Ta ɗaga ido saman ƙofar kicin, tana jira.